Hiace mai injin 2RZ-E: silo na haurawa da sanyin safe, ya ƙi sauka

Danladi Bukur:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Iyayen gidanmu makanikai, ina neman shawara. Hiace ce ta 1996, injin fetur 2RZ-E mai injekta, tana haya tsakanin Jos da Bauchi. Tun da hunturun nan ya shigo, in an tayar da ita da asuba allurar rebin (juyin injin a minti ɗaya) tana tsayawa a 2,000, wani lokaci har 2,200. Ko an bar ta tana kunne minti goma sha biyar ba ta sauka ƙasa da 1,500. Sai rana ta take, an yi tafiya mai nisa, sannan ta dawo wajen 1,000. Mai kuma tana sha fiye da da. Wutar cek injin ba ta kama ba. An ce min a ɗaure sukurun silo (mai saita gudun injin in ba a taka totur ba) kawai a huta. A ɗaure ko kuwa?

Oga Sule Makanike:
Wa alaikumus salam, Danladi. Bar sukurun nan inda yake tukuna. Hawan silo da sanyi ba laifi ba ne, haka aka ƙera injin. Fetur ba ya yin tururi sosai a cikin ƙarfe mai sanyi, baƙin mai kuma ya yi kauri, shi ya sa ake ƙara wa injin iska da mai har ya ɗumama. Lafiyayyen injin irin naka da safen hunturu zai tashi wajen 1,200 zuwa 1,500, ya riƙa sauka a hankali, cikin minti biyar zuwa goma ya zauna tsakanin 700 da 800. Naka ya haura fiye da kima, sannan ya ƙi saukowa, kuma ƙin saukowar ne ya fi damuna. Ko dai injin ba ya ɗaukar zafi, ko yana ɗauka amma zafin ba ya isa wurin da ke rage silo. In ka ɗaure sukuru yanzu ka bar jaki kana dukan taiki, ran da zafi ya dawo a watan Maris motar za ta riƙa mutuwa a kowace mahaɗa.

Amsa min waɗannan. Bayan tafiyar rabin awa, ina allurar zafi take tsayawa? Akwai tamostat (bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai injin ya ɗumama) a injin ko an cire? Fanka kuma, tana yin gurnani daga tayarwa har kashewa, ko tana lafawa bayan ɗan lokaci?

Danladi Bukur:
Oga, allurar da kyar take barin C, alamar sanyi, sai in an hau tudu da lodi. Tamostat babu, a haka aka sayi motar. Fanka kuwa tana ruri kullum, na ɗaga kujera na duba, an ɗaure kulocinta da noti biyu.

Oga Sule Makanike:
To ai ka gano rabin ciwon da kanka. Babu tamostat, fanka kuma a kulle, ga sanyin Jos da ke sauka wajen digiri 10 da dare a Disamba da Janairu. Ruwan injin nan ba ya kai digiri 60 da safe, balle 80. Kwamfutar motar tana ganin injin na cikin sanyi, sai ta ci gaba da ƙara mai, bawul ɗin iska na silo kuma ya ƙi rufewa. Wannan ne shan man da kake gani. Cire fulogi ɗaya ka duba, ina kyautata zaton za ka same shi baƙi da gawayi.

Sayi tamostat mai lambar 82 a jiki. Kafin ka saka, gwada shi a tukunyar ruwa da ma'aunin zafi: ya fara buɗewa tsakanin digiri 80 da 84, ya buɗe kamar milimita 8 a digiri 95. A tudun Jos ruwa yana tafasa wajen digiri 96, don haka sai ruwan ya kusa tafasa za ka ga cikakkiyar buɗewa, kada ka yi saurin cewa jabu ne. Wajen ɗaurawa, ƙaramin ramin nan mai ɗan ƙarfe yana lilo ya kalli sama, ta nan iska ke fita. Sabon roba ko gasket, kada a mayar da tsohon.

Baba Audu Mariri:
Sule, a nan kam ban bi ka ba. Motocin nan daga Beljiyam suke zuwa, don ƙasar ƙanƙara aka sa musu tamostat. Mu nan a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40. Motar haya cike da fasinja da kaya a kan rufi, in tamostat ya maƙale a rufe a tsakiyar daji, gasket ɗin kan injin ya tafi, wani lokaci har da kan gaba ɗaya. Wanne ya fi sauƙi, ɗan hawan silo na wata biyu ko sauke kan injin? Waɗanda suka cire ba wauta suka yi ba.

Oga Sule Makanike:
Baba, ranka ya daɗe, tsoron da ka faɗa gaskiya ne, tamostat na maƙalewa. Amma wanda ke maƙalewa shi ne tsohon da tsatsa ta cinye ko na jabu. Toyota da kanta da tamostat take tura motocinta Saudiyya da Sudan, inda zafi bai gaza namu ba. Aikinsa ya hana injin yin sanyi fiye da kima ne. Da ruwa ya kai digiri 95 a buɗe yake sosai, daga nan sanyaya injin aikin lagireto ne da fanka da famfon ruwa. Motar da ke tafasa da lafiyayyen tamostat, a duba lagireton da ya toshe, ko murfinsa da ya daina riƙe matsi, ko fambel da ya saki.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. In tamostat ɗin mai faifai ne a gindi, faifan nan shi ke toshe hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin ba tare da ya bi lagireto ba. Ka cire shi, wannan hanya ta zauna a buɗe, wani ɓangare na ruwan zafi ya riƙa komawa injin bai huce ba. Sai ka ga mota tana sanyi da safe, tana kuma zafi a kan tudu da rana.

Ɓarnar sanyin kuma ba ta tsaya a silo ba. Man da ya yi yawa yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya gangara ƙasa ya tsinke shi. Ringi da silinda ke biyan kuɗin, a hankali, ba wanda ya ji ƙara.

Baba Audu Mariri:
Na ji. Amma in za a saka, a saka na asali, kuma a wanke lagireto tukuna. Wanda zai sa tamostat a kan lagireton da laka ta cika, gara ya bar shi a yadda yake.

Oga Sule Makanike:
Wannan sharaɗin na karɓa hannu biyu, Baba.

Nura Rewaya:
Gafara dai manya, bari in sa baki ta ɓangaren waya. Danladi, sensan zafi biyu ne a injin ɗinka, mutane na rikita su. Mai waya ɗaya na allurar dashbod ne, ba ruwansa da silo. Mai waya biyu, yawanci soket ɗinsa kore, shi ke gaya wa kwamfuta zafin ruwa. Zare soket ɗin, sa mita a kan om, auna tsakanin ƙafafun sensan biyu. A digiri 20 ya ba ka kilo-om 2 zuwa 3. Da asubar Jos zai iya kai 3.5 ko 4, ba laifi. In injin ya yi zafi sosai, wajen digiri 80, ya sauka zuwa om 200 zuwa 400. In yana zafi ka ga yana nuna sama da kilo-om 1, sensan ya gaji.

Kada rashin wutar cek injin ya yaudare ka. In waya ta tsinke gaba ɗaya, kwamfuta na ganewa, ta ajiye lamba 22 (lambar ciwon wannan sensa), ta ɗauka cewa injin na digiri 80 ta ci gaba da aiki. Wanda ba ta ganewa shi ne soket ɗin da ya yi koren tsatsa. Tsatsar tana ƙara om a kan na sensa, kwamfuta kuma ƙarin om a wurinta sanyi ne. Injin na tafarfasa ita tana ganin digiri 40. Shi ya sa nake cewa a auna a wurin kwamfutar ma: makulli a kunne, injin da zafi, tsakanin ƙafafun THW da E2 na soket ɗin kwamfutar ya kasance ƙasa da volt 1.

Don karanta lambobin ba ka buƙatar na'ura. Nemo ɗan akwatin da aka rubuta DIAGNOSIS, haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, kunna makulli ba tare da ka tayar ba, ka ƙirga ƙiftawar wutar. In tana ƙiftawa daidai wa daida ba tsayawa, babu lamba. Ƙiftawa biyu, ɗan shiru, ƙiftawa biyu, 22 ke nan. 41 na sensan totur ne. Duba rubutun cikin murfin da kyau kafin ka cusa waya, akwai ƙafar da ke ɗauke da wutar batir a wurin.

Musa Damagaram:
Salamu alaikum. Tawa ba mai injekta ba ce, tsohuwar Hiace ce mai injin 4Y da kafireto, amma ciwon iri ɗaya ne da sanyin safe. Abin da kuke faɗa ya shafe ni?

Baba Audu Mariri:
Maganar tamostat ta shafe ka, ta sensa ba ta shafe ka ba. Kai cok za ka duba, faifan da ke rage iskar da ke shiga kafireto da sanyi. Cire murfin iyakilina (gidan matatar iska) da safe kafin ka tayar, taka totur sau ɗaya, faifan cok na sama ya rufe. Ka tayar, ya ɗan buɗe nan take, sannan ya ci gaba da buɗewa har ya tsaya cak a tsaye cikin 'yan mintuna. In bai buɗe ba, taɓa baƙin murfin nan mai zagaye a gefen kafireto, ya kamata ya yi ɗumi, don akwai hita a ciki da ke murɗa sifirin. In sanyi ƙalau yake, wuta ba ta zuwa, a bi wayar. A yawancinsu sai caji na aiki wutar ke zuwa. Duba kuma alamar da ke jikin murfin ta yi daidai da ta jikin kafireto, don wasu na juya shi da sunan gyara.

In cok ya buɗe amma silo bai sauka ba, ɗan ƙarfen nan mai matakala da ke riƙe totur a buɗe ne ƙura ta kama. Fesa masa abin wanke kafireto, motsa shi da yatsa har ya riƙa faɗuwa da kansa. Kada ka shafa masa giris, ƙurar hunturu za ta manne ya dawo gidan jiya. Ka tuna kuma irin wannan kafireton sai ka ɗan taɓa totur ka saki kafin ya sauka daga matakalar, ba ya sauka shi kaɗai.

Danladi Bukur:
Ga inda aka kwana. An wanke lagireto, an sa tamostat 82, an sauya kulocin fanka. Yanzu allurar zafi na kai tsakiya kafin a fita gari. Sensa ya ba da kilo-om 3.6 da asuba, om 320 da zafi, babu lamba a cek injin. Sai dai silo bai sauka yadda ake so ba. Da zafi yana wasa, ya hau 1,600 ya faɗo 1,100, ya sake hawa, haka yake ta yi a tsaye.

Oga Sule Makanike:
Madalla, yanzu ciwon ya fito fili. Wannan hawa da saukar ga dalilinta: kwamfuta ta san injin ya yi zafi, ta kuma san ƙafarka ba ta kan totur. Da rebin ya wuce iyakar da aka sa mata sai ta ɗauka gangara kake yi, ta yanke mai. Rebin ya faɗo, ta sake sakin mai, iskar da ta yi yawa ta sake ɗaga shi. Kwamfutar lafiyarta lau. Iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba, kuma wanda na fara zargi shi ne bawul ɗin iska na ƙasan toturbodi, wato gidan faifan totur inda iska ke shiga injin.

Leƙa ƙasan toturbodin. Za ka ga ƙananan tiyo biyu na ruwa, kaurinsu kamar yatsa. In ba soket ɗin waya a jikin bawul ɗin, mai kaki ne: ruwan zafi ke narkar da kakin da ke ciki, ya kumbura ya tura bawul ya rufe hanyar iska. Ruwa bai zo ba, bawul ba zai rufu ba ko injin ya kai digiri nawa. Da injin a zafi, taɓa tiyon biyu a hankali. Duka biyun su yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba. In ɗaya da zafi ɗaya da ɗumi-ɗumi, hanyar ta toshe. Wani lokaci ma za ka tarar an cire su an haɗe da juna, ko an cusa noti an toshe saboda sun taɓa yoyo.

Gwaji na biyu. Cire babban tiyon da ke zuwa daga iyakilina, za ka ga rami a bangon toturbodi kafin faifan totur. Toshe shi da yatsa. Da sanyi rebin zai faɗi sosai, haka ake so. Da zafi kada ya faɗi fiye da 100. In ka toshe da zafi ka ga ya sauko daga 1,500 zuwa 800, ka kama ɓarawon. In motarka mai ma'aunin iska ce a jikin akwatin iyakilina, cire tiyon zai kashe ta, sai ka yi gwajin ta wata hanya: ɗaure sukurun silo har ƙarshe kana ƙirga juyin, da zafi injin ya kusa mutuwa ko ya mutu. In bai damu ba, iska na bi ta wani wuri. Ka mayar da sukurun daidai adadin juyin da ka ƙirga.

Injiniya Maryam:
Ƙari a kan bayanin Oga Sule. Kafin a yanke wa bawul hukunci a tabbatar babu iska a cikin ruwan. Toturbodi na daga cikin wurare mafi tsayi a hanyar ruwa, can iska ke taruwa, kuma an buɗe lagireto kwanan nan. Hiace ɗin da suka zo da hitar baya suna da dogayen bututu a ƙarƙashin mota, suna ɓoye iska sosai. A ajiye motar gabanta a kan tudu, injin da sanyi, a buɗe murfin lagireto, a sa hita ta gaba da ta baya a kan zafi, a tayar a bar ta har tamostat ya buɗe, ana ƙara ruwa duk sanda ya sauka, har kumfa ta daina fitowa. Murfin ya zama mai lambar 0.9, robarsa ba ta tsage ba. Kada a buɗe shi injin na zafi.

Ruwan kuma a daina zuba na burtsatse zalla. Shi ke kawo farin gishiri da tsatsar da ke toshe waɗannan ƙananan hanyoyi tun kafin lagireto ya nuna alama. Rabin kulant rabin tataccen ruwa.

In bawul ya fita daga zargi, a nemi yoyon iska. Wuraren da aka fi samu: babban tiyon da ke zuwa bustar burki, tiyon PCV a kan murfin injin, ƙananan tiyo biyu da ke zuwa famfon fawa sitiyari, da gasket ɗin manifol. Roba na ƙanƙancewa da sanyi, shi ya sa tsagar da ba ta damun kowa a watan Mayu take bayyana a Janairu. A matse kowane tiyo da filaya ɗaya bayan ɗaya, wanda aka matse rebin ya sauka, a bi shi. Gasket kuma a fesa masa abin wanke kafireto kaɗan-kaɗan a saurari canjin muryar injin, nesa da salansa da wayoyin fulogi, don yana kama wuta. Mai gejin zuƙar iska ya lura: a bakin teku lafiyayyen injin na nuna inci 17 zuwa 21, amma duk hawan mita 300 yana rage kusan inci 1. Jos na kan mita 1,200 da ɗoriya, don haka inci 13 zuwa 17 a can daidai ne.

Shamsu Gwammaja:
Ni dai in ta ƙi, ba sai a yanko gwangwani a toshe hanyar bawul ɗin gaba ɗaya ba? Silo zai zauna daram.

Oga Sule Makanike:
Zai zauna da rana, Shamsu. Da asuba kuma motar za ta tashi ta mutu, ta tashi ta mutu, direba ya danne totur yana yi wa injin mai sanyi rebin 3,000 alhali baƙin mai 20W-50 bai gama hawa kan injin ba. Dabara ce ta wanda ke kan hanya yana son ya isa gida. A gareji ba na ba da ita.

Danladi Bukur:
Tiyo ɗaya zafi, ɗayan sanyi ƙalau. Da na toshe ramin da yatsa rebin ya faɗo 850. Yaya ake buɗe hanyar?

Oga Sule Makanike:
Bari injin ya huce, rage ruwa kamar lita 2 don kada ya malala cikin manifol. Zare soket ɗin sensan totur, wayar totur da ƙananan tiyo, ka sa musu alama kafin ka cire. Kwance notunan toturbodi ka fito da shi. Ƙananan bututun ƙarfen da tiyon ke shiga, zura musu waya mai laushi, ka bi da ruwa mai ƙarfi ta gefe ɗaya har ya fito tas ta ɗayan. Duba bututun da ke jikin injin ma, sau da yawa can toshewar take. In bakin bututun ya ruɓe har yana fashewa a hannu, nemi wani toturbodin na Beljiyam.

Tun yana hannunka gwada kakin: zuba tafasasshen ruwa ta bututun na ɗan lokaci, sannan ka hura iska ta ramin nan. Da sanyi iska na wucewa sosai, da zafi ta kusa tsayawa. In ba bambanci kakin ya mutu, ba a gyara shi, sai sauyi. Wanke baƙin dattin da ke gefen faifan totur da tsumma da abin wanke kafireto, kada ruwan ya shiga sensan totur. Ƙaramin sukurun da faifan ke tsayawa a kansa, mai ɗigon fenti, kada ka taɓa shi, daga kamfani aka saita. Sabon gasket, sababbin tiyo da kilif. Wayar totur ta sami ɗan sako-sako, in ta yi tsauri ita ma tana riƙe faifan a buɗe.

Nura Rewaya:
Ga masu irin bawul ɗin da ke da soket mai waya uku, nasu na lantarki ne. A auna daga ƙafar tsakiya zuwa kowace ta gefe, da sanyi om 17 zuwa 25. Yawanci ba ƙonewa yake ba, datti ke hana shi juyawa, wanki ya isa.

Danladi, bayan ka mayar da komai, tabbatar da sensan totur: ƙafa ba ta kan totur, tsakanin ƙafafun IDL da E2 na sensan mita ta nuna a haɗe, ka ɗan buɗe totur kaɗan ta yanke. Sannan zare fis ɗin EFI na kamar rabin minti ka mayar, don a goge duk lambar da ta shiga lokacin aikin.

Oga Sule Makanike:
Sai a nan za ka je wa sukurun silo. Injin ya yi zafi sosai, giya a furi, fitilu da iyakwandishan a kashe, sitiyari a miƙe. Fara da taimin: haɗa TE1 da E1, haska fitilar taimin, a injinan RZ digiri 5 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa, amma bi abin da ke rubuce a takardar da ke manne kusa da injin in tana nan. Taimin da aka tura gaba shi kaɗai yana ɗaga silo. Cire wayar da ka haɗa, sannan ka juya sukurun kwata-kwatan juyi, kana jira rebin ya zauna, har ya tsaya wajen 750. In sukurun na juyawa ba tauri, robar da ke jikinsa ta bushe, sauya ta, in ba haka ba girgizar hanya za ta kwance shi. Washegari da asuba ka rubuto mana lambar da allura ta fara nunawa, da minti nawa ta ɗauka kafin ta sauko ƙasa da 900.